Mas'alar Kumfa

Dakta ne ya kawo shawarar, kuma ina so a rubuta wannan a ajiye tun kafin labarin ya isa Kano a karkace. Dakta babban yayanmu ne a nan Santambul, mutumin Sakkwato, yana digiri na uku a kan tarihin Daular Usmaniyya ta Turkiyya. Bai kammala ba tukuna, amma mun riga mun laƙaba masa sunan, shi kuma bai taɓa cewa a bari ba. Ni kuwa sabon zuwa ne, ina cikin shekarar koyon Turkanci da akan sa wanda ya samu tallafin karatu na gwamnatin ƙasar nan ya yi kafin ya shiga aji na gaske.

Duk Asabar Dakta yakan tasa mu a gaba, mu sababbi, ya zagaya da mu gari. Ya tsayar da mu cikin sanyi a ƙofar Ayasofya ya karanto mana tarihinta: an gama ginin a shekarar 537, coci ce har Sultan Muhammadu Fatih ya ci garin a 1453 aka mayar da ita masallaci, ta zama gidan tarihi a zamanin Ataturk, aka koma salla a cikinta a 2020. Ya saukar da mu tafkin ƙarƙashin ƙasa na Yerebatan ya ce ginshiƙansa 336 ne, mai shakka ya ƙirga. Ya kai mu masallacin Sulaimaniyya da magini Sinan ya gina daga 1550 zuwa 1557, har kabarin Sinan ɗin ya nuna mana a gefen ginin. Ban ga laifin ko ɗaya ba. Duk waɗannan wurare da kayana a jikina na shiga, da kayana na fito.

Jiya sauran yaran suka zille, wannan ya ce jarrabawa, wancan ya ce mura. Ni kaɗai na fito. Dakta ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Ƙanena, wanda bai shiga hamam ba bai ga Santambul ba." Hamam gidan wanka ne na jama'a. A da in sarki ya gina babban masallaci yakan haɗa shi da makaranta da gidan ciyar da talakawa da hamam, kuɗin da masu wanka ke biya kuma waƙafi ne da ke taimakawa wajen riƙe sauran. Sinan ma ya gina su, ciki har da na Hurrem matar Sultan Sulaiman, wanda ke tsakanin Ayasofya da masallacin Sultan Ahmad. Amma irin waɗannan manya na masu yuro ne a aljihu, kuɗin tallafinmu bai kai nan ba. Sai muka shiga jirgin ruwa daga Eminonu muka tsallaka mashigin Bosforus zuwa ɓangaren Asiya, muka bi lungu muka sha kwana har wani tsohon hamam na unguwa. Ba zan faɗi sunansa ba, don ina da niyyar gama karatuna a garin nan.

A ɗakin farko aka miƙo min wani siririn zanen auduga mai ratsin ja, da takalman katako, aka nuna min inda zan tuɓe. Na tambayi Dakta ko in bar gajeren wandona a ciki. Ya ce, "Haba ƙanena, kak ka ba mu kunya. Al'adar mutane munka zo gani." Na ɗaura zanen irin ɗaurin da kowane namiji ya sani, a naɗe a soke bakin a ƙugu. Ɗaurin nan bai taɓa cin amanata ba sai jiya.

Ɗakin zafin kuwa akwai kyau, ba zan ci haƙƙinsa ba. Ƙubba ce a sama mai ƙananan tagogin gilashi, haske na ratsowa cikin tururi. Ƙasa marmara, bango marmara, ga kwamin ruwa jere a jikin bango, kowanne da famfonsa da tasar tagulla ta ɗiba. A tsakiya akwai wani faffaɗan dandamali na marmara, tsayinsa ya kusa gwiwa, da ɗumi a jikinsa, don a bayan ginin ake hura wuta, zafin ya bi ta ƙarƙashin daɓe. Dakta ya ce dabarar Rumawa ce Turkawa suka gada. Yana cikin bayani mai cuɗa ya iso.

Dattijo ne kakkaura mai gashin baki, shi ma zane ne kawai a ƙugunsa. Ya nuna min dandamalin na kwanta. Ya zura wata safar hannu mai kaushi ya hau ni da gurza. Ni dai da soso da sabulun salo na taho daga gida, kuma Allah shaida ne ban taɓa yi musu rowar jikina ba. Amma abin da bawan Allahn nan ya riƙa murzowa daga bayana, ban san inda yake ɓoye ba duk tsawon rayuwata. Ya tattaro shi a tafin hannu, ya kawo min dab da hanci, ya ce, "Masha Allah." Na ɗauka iyakar abin kunyar ke nan. Har na fara tsara yadda zan ba da labarin.

Sai ya ɗauko wata jakar ƙyalle ya tsoma a ruwan sabulu, ya kaɗa ta a iska ta kumbura, ya matso ta daga sama zuwa ƙasa a kaina. Kumfa ta zubo. Ya sake, ya kuma sakewa, har ba a ganin komai nawa sai hanci da tafin ƙafa. Ya ɗan buge ni a cinya, alamar in juya. Na juya rigingine. Ya dafa kafaɗuna biyu ya danna da dukkan ƙarfin da Allah ya ba shi.

To, jama'a, a duba lamarin da adalci. Marmara ce da bayan mutane ya yi ɗaruruwan shekaru yana gogewa. Ga ruwa, ga sabulu, ga ɗalibin da burodi da shayi suka rame da shi. Ina abin da zai riƙe ni? Na suɓuce daga ƙarƙashin hannunsa kamar tarwaɗa a hannun masunci, ƙafafu a gaba. Dattijon mutumin kirki ne, ceto ya yi niyya. Ya kai cafka, kuma ya cafko. Sai dai abin da ya cafko zane ne. Zanen ya tsaya wajensa, ni na ci gaba da tafiya.

Daren jiya ban yi barci ba, tafiyar nan nake ta maimaitawa. Dandamalin bai fi 'yan taku ba, amma wallahi na daɗe a hanya. Na ga tagogin ƙubbar suna wucewa ta kaina ɗaya bayan ɗaya. Na wuce wani tsoho da ke kwance yana shan ɗumi. Ya buɗe ido ɗaya ya raka ni da shi, bai ce uffan ba. Na samu lokacin tuna Inna, wadda ke gaya wa maƙwabta cewa ɗanta na Turkiyya yana karatun injiniya. Na samu lokacin jin iska tana taɓa ni a inda iska ba ta da hurumi. Na miƙa hannu in kama wani abu, na kamo kumfa. Sannan dandamalin ya ƙare.

Na dira a kan mazaunaina, tim. Dunduniyata ta daki wata tasa, tasar ta tashi sama ta faɗo ta kama juyi a kan marmara. Su magina irin na da sun san aikin ƙubba, ba ta barin sauti ya ɓata, sai ta tattaro shi ta raba wa kowa rabonsa. Duk wanda ke ɗakin ya bar abin da yake yi. Tasar ta yi ta ƙara tana juyi, tana juyi, ba ta da niyyar tsayawa, mu duka muna jiran ta. Da ta gaji ta kife, sai ka ji tsit, ban da ɗigar famfo. Ga ni a zaune a tsakar ɗaki, na haɗe gwiwoyi, na tara kumfar da ta rage a cinyata da hannu biyu. Can ƙetaren dandamali ga mai cuɗa a tsaye, yana duban zanen da ke hannunsa, yana dubana, ya kasa gane yadda aka yi muka rabu.

A nan ne Dakta ya yi gyaran murya.

Yana zaune a bakin kwaminsa, ya juyar da fuska ga bango. Ya ce, "Ƙanena, kak ka motsa. Kumfa ba ta son motsi."

Na ce, "Yaya, zanen."

Ya ce, "Ina zuwa. Ka dai rage numfashi, shi ka kashe ta."

Na ce, "Yaya, don Allah karɓo min zanen."

Ya ce, "To ai ni na runtse ido, ƙanena. In na tashi dole in buɗe, in na buɗe dole in gan ka. Kai ma ka san ba ya halatta." Ya ɗan yi shiru, na ɗauka dabara yake nema. Sai ya ce, "Ka tuna abin da malamai sunka ce, al'aurar namiji daga cibiya ce zuwa gwiwa. Kuma maganar ɗaura gyauto kafin shiga hamam tana nan cikin Risala, mun karanta ta tun muna yara, ba mu san ranar amfaninta ba."

Na ce na sani, Yaya, da gyauton na shigo.

"Hakanan ne. Niyyarka mai kyau ce, wannan ba ka da laifi. Amma ita kumfa, ko tana tsayawa matsayin sutura?" Ya jinjina kai yana fuskantar bango. "Wagga mas'ala ban taɓa cin karo da ita ba. In an ce sharaɗi shi ne ta ɓoye launin fata, to ta ɓoye. In an ce sharaɗi shi ne ta dawwama, to a nan akwai magana. Yanzu yaya kaurinta?"

Kaurinta dai raguwa yake yi. Kumfa ba ta jiran a gama muhawara. Ina jin ƙananan ƙwayoyinta suna fashewa a jikina, tsis-tsis, kowace ta tafi da nata kason na mutuncina. Tsohon nan mai ido ɗaya ya tashi zaune ya shiga koya min ɗaurin zane da hannu, yana gwadawa da nasa, yana magana da Turkancin da ba mu kai wurinsa ba a aji. Nasihar tasa da kyau, sai dai ta makara, kuma kayan aikin na hannun wani.

Ban ankara ba sai ga wani saurayi ma'aikacin wurin ya taho da sauri, tausayi fal a fuskarsa, da tasa cike da ruwa. Ya ga baƙo ya faɗi, sabulu na shiga masa ido, zai ɗauraye shi. Ya ɗaga tasar sama.

Na buɗe baki in ce ya tsaya. Na san kalmar, an koya mana, har a jikin motar haya tana rubuce. Amma ta gudu. Duk Turkancin da ke kaina ya watse, sai jimla guda ta rage, wadda na fi kowace faɗa tun zuwana ƙasar nan, a gidan tarihi, a kantin littattafai, a wajen aski. Ita na kwarara da iyakar muryata, ƙubba kuma ta ɗauka ta raba wa kowa:

"Akwai rangwamen ɗalibai?"

Saurayin ya ƙame da tasa a sama. Tsohon ne ya fara, wata dariya mai haɗe da tari, sannan ɗakin gaba ɗaya ya ɗauka. Mai cuɗa ya zagayo yana share hawaye da zanena. Ya iso, ya warware shi, ya girgiza, ya yafa min a kafaɗa cikin girmamawa. A kafaɗa fa.

Dakta daga jikin bango ya ce, "An rufe?"

Na ce an rufe inda ba a tambaya ba.

Ya ce, "To ka sauko da shi a hankali. Kuma in ka lura, ginin nan bai yi kama da aikin Sinan ba, ƙubbar ta yi ƙanƙanta."

A ɗakin waje suka naɗe ni da tawul har ka, suka zaunar da ni, aka kawo shayi a ɗan ƙaramin kofin gilashi. Duk wanda ya fito sai ya dafa kafaɗata ya yi min sannu, ya juya baya kafaɗunsa na rawa. Mai karɓar kuɗi ya rage min wani abu, ko katin makaranta bai nema ba. Ina cikin shan shayin ne Dakta ya fito zai sa kaya, zanensa ya ɗan zame, sai ga gajeren wando a ƙarƙashi, baƙi, mai kauri, har gwiwa, da zariya an ƙulle tam. Na nuna masa da ido. Ko a jikinsa. Ya ce, "Ni bincike ya kawo ni, ƙanena. Kai ne mai ɗanɗana al'ada."

Da safen nan na kunna waya na tarar ya jefa mas'alar a zauren WhatsApp na ɗaliban Najeriya, wai yana neman masu ilimi su warware. Ya ce don sirrantawa ba zai ambaci suna ba, abin ya faru ne da wani ɗan Kano da ke ajin koyon harshe. Ɗan Kano guda ne a ajin. Zuwa yanzu zauren ya rabu biyu, wasu sun ce kumfa sutura ce a halin larura, wasu sun ce sam, wani ɗan Zariya kuma yana tambaya ko akwai bidiyo. Duk mai amsa ya aika wa Dakta kai tsaye, ni kada wanda ya sake kira na.