Rago Ɗaya, Gola Uku

Ba don na iya taka leda aka sa ni cikin tawagar da ta tafi Kurfi ba. Ina da biro, ina da tabarau, shi ke nan samarin unguwarmu a Dutsin-Ma suka naɗa ni marubucin wasa. Wasan sada zumunci ne na bayan ƙaramar Sallah. Wani Alhaji, wanda ya ce shi ma ya tsare raga a zamaninsa, ya ɗaure rago a gindin darbejiya, ya ce na golan ƙungiyar da ta yi nasara ne.

Golanmu tela ne, kuma ya iya kamu. Muna gaba da ci ɗaya, a minti na 30 sai ya hango wani mutum cikin 'yan kallo yana naɗe hannun riga. Ashe mai shaddar da ya karɓi kuɗinta tun farkon azumi ne. Tela ya dafe ciki, ya ce wa rafali zai zagaya. Ba mu sake ganinsa ba sai da aka tashi.

Aka saka ɗan acaɓa. Ya yi ƙoƙari, ya tare ƙwallaye da ƙirji har da fuska, amma Kurfi suka farke. Ana dab da tashi, kocinmu ya tuna abin da Louis van Gaal ya yi a gasar cin kofin duniya ta 2014 a Brazil, ranar da ya cire Cillessen ya sa Tim Krul saboda bugun fanareti, Krul ya tare biyu, Holan ta fitar da Costa Rica da ci 4 da 3. Sai ya dubi benci. Namu Krul ɗin mai shayi ne, zaɓinsa kuwa saboda faɗin jiki. Ya shiga kafin busar ƙarshe, domin doka ta ce waɗanda ke cikin fili lokacin tashi su ne masu fanareti.

Ko sau ɗaya hannunsa bai taɓa ƙwallo ba. Duk inda aka buga, shi ɗaya gefen yake faɗawa. Allah ya taimake mu, 'yan Kurfi biyu suka harba sama, ɗaya har cikin gonar mutane. Muka ci.

Alhaji ya kwance rago, ya ga hannu uku a kan igiya, har da na tela da ya ɓullo daga bayan masallaci. Ya ce, "Malam marubuci, kai ke da littafi. Na wa ne?"

Da na ce a yanka a raba, da tuni an manta. Amma wani malamin jami'a da ya yi karatu a Amurka ya taɓa yi mini bayanin besbol, ilimin yana ta cina ban sami inda zan sauke shi ba. Na gyara tabarau na ce, "Ranka ya daɗe, Amurkawa sun warware wannan tuntuni." Na bayyana musu cewa a besbol ana rubuta wa mai jifa ɗaya nasarar wasa. Turmi tara ake yi, wanda ya fara jifa kuwa sai ya cika biyar kafin a ba shi. Biyar cikin tara na minti 90 shi ne 50, tela ya yi 30, ya faɗi. Sannan nasara ta wanda ke kan aiki ce lokacin da ƙungiya ta shiga gaban da ba a sake kamo ta ba. A hannun ɗan acaɓa aka farke mu. Saura mai shayi.

Wuri ya yi tsit, sannan ya yamutse. Ɗan acaɓa ya nuna mini kumburin goshinsa. Tela ya ce ko Amurkawan ne ke ɗinka mini kaya. Wani dattijon Kurfi ya ce in dai adalci ake nema, yaronsu da ya harba gona shi ya fi kowa yi wa Dutsin-Ma aiki, a ba shi. Abin da malamin bai jaddada mini ba shi ne, mai rubuta sakamako a Amurka can sama yake zaune a ɗakin 'yan jarida, ba inda za a kamo wuyan rigarsa ba.

Alhaji ya ce tunda abin ya zama shari'a, rago zai koma gida sai an daidaita. Ya sa shi a bayan mota ya tafi.

Ɗan acaɓan da ya kawo ni ya wuce ta gabana da kujera ba kowa, sai motar gawayi na biyo bayan isha. Mai shayi ya ce na yi masa hukunci ban ƙwato masa haƙƙi ba, yanzu madarata da ƙyar take sauya wa ruwan launi. Yadin babbar Sallata kuwa yana shagon tela. Jama'a, duk wanda yake jin maganarsa ya taimaka ya karɓo mini, ko ba a ɗinka ba.