Kifin Zobe, Kwaɗon Latas da Zoɓo: Yadda Za Ki Shawo Kan Maigida

A Turai, wanda ke kula da lafiyarsa yakan gasa kifin samon na ƙasar Norway da dare, ya ɗora shi kan ganye, ya kora da farar giyar inabi. Mu giya ba ta shiga gidajenmu, samon kuwa ko a birnin Katsina sai an sha yawo. Uwargida, kada wannan ya dame ki. Ga madatsar ruwan Zobe nan kusa, wadda aka kammala a 1983 a kan kogin Karaduwa. Karfasa da tarwaɗa suna ciki, masu noman rani kuma suna fitar da latas, kabeji, tumatir da albasa.

Ranar Laraba kasuwar Dutsin-Ma take ci. In daga Kurfi za ki yi aike, ki zaɓi wanda ba ya tsayawa gaisuwa a kowace rumfa, domin ɗanyen kifi ba ya jiran a gama "ina gajiya, ina iyali". Ya duba idon kifin ya ga garau yake, ya danna jikinsa da yatsa. In naman ya taso ya koma yadda yake, sabo ne. In mai kifi ya ce yanzun nan aka fito da shi daga ruwa, a ce masa madalla, sannan a sunsuna.

Tarwaɗa ki goge yauƙinta da toka ko ruwan zafi, ki bi da lemun tsami don ƙarni. Karfasa ki kankare ta, ki tsattsaga gefenta, ki cusa citta, tafarnuwa, masoro da ɗan gishiri. Kaskon suya ya huta yau. Garwashi za ki hura, ki gasa a hankali har naman ya soma rabuwa da ƙashi. Masana abinci suna ba da shawarar cin kifi sau biyu a mako, amma ba wanda ya yi iyo a cikin mai suke nufi ba.

A nan ne mage za ta zo gaishe ki. Ki sa yaro gadi, ki kuma sa wani ya yi gadin mai gadin.

Ganyen latas kuwa ki wanke shi da ruwan gishiri ko ruwan kal, ki ɗauraye da ruwa mai tsabta har sau uku, don ɗanye za a ci. Ki daka ƙuli-ƙuli da barkono, ki matsa lemun tsami, ki zuba man gyaɗa cokali ɗaya, ki kwaɗa. Sai ki zauna ki zare ƙayar kifin tsaf. Karfasa ba ta yafe gaggawa, kuma ba a son baƙo ya tashi neman lomar tuwo ta tura masa abin da ya maƙale a maƙogwaro.

Yanzu ga babban aikin. Maigida zai buɗe kwano, ya dube ki, ya ce, "Yau kuma ciyawa za mu ci? Ina tuwon?" Kada ki yi masa wa'azin hawan jini da ciwon suga. Ki ɗora tsokar da ta fi girma a sama inda idonsa zai fara sauka, ki jera dafaffen dankalin Hausa a gefe, ki ce, "Maigida, ɗanɗana dai." Hannu in ya shiga sau ɗaya, na biyun ba sai an roƙa ba.

Abin korawa shi ma da ƙa'idarsa. Tarwaɗa mai maiƙo ce, zoɓo mai tsami da citta da kanumfari shi ne daidai da ita, yana wanke baki bayan kowace loma. Karfasa ba ta da nauyi, ruwan tsamiya mai sanyi ya ishe ta. Sukari ki riƙe hannunki, in ba haka ba abin da kika kora ta ƙofa zai dawo ta kofi. Mai shan maganin hawan jini ya tsaya a kofi ɗaya, domin zoɓo ma yana ɗan saukar da jini. Kunun aya da fura kuwa ki bar su sai gobe da rana. In suka hau kan kifi, liman zai tada Isha'i maigida yana gyangyaɗi.

Kan tarwaɗar kada ki zubar. Ki adana shi don farfesun safe, ki kife tukunya a kai ki danne da dutse, domin mage ta riga ta ga inda kika ajiye.