Allah Ya Jiƙan Rai, Ku Sauke Manhajata

'Yan shekaru kafin yaƙi, wani sabon nau'in ɗan kasuwa ya ɓullo a Mayo, kudancin Khartum. Ba shi da rumfa a Suk Sitta, ba ya jan raksha, ba ya gasa agashe. Jarinsa kwamfutar cinya mai mataccen batir, da waya mai tsagaggen gilashi, da takardar jami'a da aka rataye a ɗakin tsohuwarsa. Unguwa ta naɗa shi Bashmuhandis, wato babban injiniya, tun kafin ya gyara ko da rediyo. Hajarsa manhaja ce, wadda ya rantse za ta yi wa littafin jarura ritaya: mai kanti zai daina rubuta bashin sukari da mai a takarda, waya ce za ta riƙe lissafi, ta kuma tuna wa mai cin bashi ranar biya.

Kaya sun haɗu, saura talla. Takwarorinsa na Amurka da Turai kati suke zarowa su biya Facebook ya kai su gaban jama'a. Shi kuwa an haife shi a ƙasar da Amurka ta ƙaƙaba wa takunkumi tun 1997, ba ta sassauta ba sai Oktoba 2017, sunan Sudan kuma bai fita daga jerin ƙasashen da ake zargi da goyon bayan ta'addanci ba sai Disamba 2020. Duk tsawon wannan lokaci, mai son biyan talla sai ya nemi ɗan'uwa a Jidda ko Dubai ya ara masa kati. Bashmuhandis yana da kawu a Jidda, amma kawun ya haddace lambarsa, ya daina ɗauka.

Sai ya karanta cewa masu wayo ba sa biyan ko sisi. Ka shiga cikin jama'a, ka amfane su, ka amsa tambayoyinsu, ka yi haƙuri har su yarda da kai, su da kansu za su nemi kayanka. Shawara ce mai kyau. Matsalar ita ce daga "ka shiga cikin jama'a" data ta ƙare masa, bai ga sauran ba.

Ya kuwa shiga. Zauren dangi na WhatsApp yana ciki, na wajen uwa da na wajen uba. Yana zauren masallaci, da na tsofaffin ɗalibai, da na matan adashe, inda har yau ba a gano wanda ya buɗe masa ƙofa ba. Yana zauren magoya bayan ƙungiyar ƙwallo ta Hilal, yana kuma na Merrikh, abin da a Omdurman ya isa a hana mutum aure. A ko'ina huɗubarsa ɗaya ce. Aka sanar da haihuwa, zai yi barka, ya ƙara da cewa mai iyali yana buƙatar tsara kuɗinsa. Aka ce akuya ta ɓata, zai jajanta, ya nuna cewa da an rubuta ta a manhaja da an san adadin da ya rage. Ranar da ya kai maƙura ita ce ranar da aka sanar da rasuwar wani dattijo mai kanti. Jama'a na ta jero addu'a, sai ga nasa saƙon: Allah ya jiƙan Baba, ya sa ya huta, magada kuma idan suna son tattara basussukan marigayi, ga inda za su latsa.

Da aka yi masa ca, sai ya koyi dabara. Yanzu ba shi ke fara magana ba. Abokinsa ne zai rubuto, cikin muryar mai neman taimako: "Jama'a, don Allah wa ya san wata manhaja da za ta taimaka mini da lissafin kanti?" Kafin mutum ya kurɓi shayi, Bashmuhandis ya amsa da cewa abin mamaki, shi ma kwanan nan ya ci karo da wata. Su biyun suna zaune a tabarma ɗaya, suna jan intanet daga waya ɗaya. Kowa kuma ya san abokin nan ba shi da kanti. Dangantakarsa da jarura ita ce sunansa ya cinye shafi uku a cikinta.

Mai tsaron ɗaya daga cikin zaurukan, wani Ustaz da ya yi ritaya daga koyarwa, ikon korar mutane ne kaɗai ya rage masa a duniya, kuma yana ji da shi. Dokarsa biyu: ba siyasa, ba talla. Yakan kori Bashmuhandis ranar Talata, tsohuwar yaron ta aika a ba da haƙuri ranar Laraba, a dawo da shi ranar Alhamis. Ranar Juma'a kuma Ustaz ya saka hoton zuma da habbatus sauda da yake sayarwa, wanda a fatawarsa ba talla ba ne, sunna ce.

To, kada mu cika yi wa yaron dariya, domin mu ma da namu. Duk saƙon da ya tura, ma sha Allah ake zuba masa kamar ruwan Agusta. Gwaggo ta tura hoton fure, Yaya ya tura babban yatsa, wani ya yi addu'ar Allah ya sa ya fi mai Facebook arziki. Je ka duba wayoyinsu, kusan babu wanda ya sauke. Wanda ya sauke don kunya ya goge da daddare, saboda bidiyon bikin bara da wa'azin da bai taɓa saurara ba sun cinye wuri. Gwaggo ita kaɗai ta bar ta, sai bayan mako ta kira shi gefe: "Ɗan nan, na danna ko'ina, ta ina kuɗin ke fitowa?"

Ranar da ya yi ƙarfin hali ya ambaci kuɗin wata, nan zumunci ya tashi tsaye. "Ni za ka karɓi kuɗi a hannuna? Ni da na riƙe ƙafar ragon sunanka?" Wanda bai riƙe rago ba ya yi karatun allo da babansa. Wanda bai yi ko ɗaya ba ya tuna cewa kakanninsu tare suka taso daga Sakkwato suka sauka Mai Wurno. 'Yan kaɗan da suka yarda su biya, sai gwamnati ta saki fam a Fabrairu 2021, dala ta tashi daga 55 zuwa wajen 375 a farashin hukuma, kuɗin watan ya koma bai fi na jabanar gahawa ba.

Kawu mai kanti ne kaɗai ya gaya masa gaskiya, shi ma bayan an gwada manhajar ta aika wa liman saƙo kafin asuba cewa ana binsa kuɗin sardin gwangwani biyu. Kawu ya ce, "Ɗana, littafin nan nawa ya san wanda za a tuna wa, ya san wanda za a manta. Matar da mijinta ya rasu, shafinta yakan ɓace da kansa. Na'urarka ta iya wannan?" Bai tsaya nan ba. Da aka rufe intanet fiye da wata guda bayan 3 ga Yuni 2019, aka sake rufewa na tsawon makonni bayan juyin mulkin Oktoba 2021, kullum sai Kawu ya ɗaga littafin ya tambaye shi ko layin Zain ya dawo, don nasa layin bai taɓa yankewa ba.

Abin haushin shi ne malaman wannan fanni suna gabansa. Matan da ke sayar da humra da dilka da turaren wuta da laffaya ta Facebook ba su karanta littafin kowa ba. Mace za ta shafa humrarta ta je biki ta zauna shiru, sauran mata su bi ta da tambaya, washegari oda ta cika waya. Mai shayin bakin titi ta san wanda ake bi da wanda ke bi a layi uku, kuma kalma ɗaya daga bakinta ta fi saƙonsa ɗari tafiya. Bai taɓa nuna mata manhajar ba, wai ba ta cikin rukunin da ya tsara, alhali ita ma tana binsa na kofi bakwai. Manhajojin da suka kama ƙasa kuwa buƙata ce ta yi musu talla. Bankak na Bankin Khartum ya shiga aljihun mutane ne sosai lokacin da takardun kuɗi suka yi wuya a bankuna tun 2018. Tirhal, manhajar kiran mota, ya samu karɓuwa domin babu mai sha'awar cinikin tasi a tsakar ranar Khartum.

Daga 15 ga Afrilu 2023, da yaƙi ya ɓarke, raha ta ragu a zaurukan nan. Tambayoyin suka zama na gaske: wa ya ga wane, wace hanya ce a buɗe, wace takiyyar girkin sadaka ce ta ɗora tukunya yau. Dangi suka watsu, wasu Gadarif, wasu Kassala, wasu Masar da Chadi, wasu har Kano. A nan ne irin su Bashmuhandis suka yi abin da shawarar ta ce tun farko, ba tare da sun lura ba. Su ne masu jera sunayen masu neman maganin suga da hawan jini, su ne masu koya wa tsofaffi karɓar kuɗi ta Bankak, kuma ba wanda ya ji sun ambaci manhaja. Har Ustaz ya ɗora shi mataimakin mai tsaron zaure. Yardar da ya yi shekaru yana nema ta samu, a daidai lokacin da kantunan da zai sayar wa suke a rufe.

Yanzu da wasu suka fara komawa suna share rumfuna, na tabbata zai sake ɓullowa da hajarsa, wataƙila an koya mata ta ƙyale liman ya yi barci. Kawu, Gwaggo, Yaya mai babban yatsa, in ya zo a wannan karon a taimaka a haɗa addu'ar da kuɗin wata. Lambar asusunsa tana nan a zaure, ku ɗan ja sama kaɗan za ku gan ta, ya tura ta fiye da sau ɗaya.