Da Ma Akwai Kuɓewa

Da hannun hagu nake buga wannan rubutu. Na daman lafiyarsa lau, in ban da 'yar ƙujewa a wuyan hannu, sai dai tun jiya ba ma ga-maciji da shi. Na wanke shi sau bakwai, ɗaya da ƙasa, na ƙara wasu bakwai da sabulu, amma har yanzu ban yarda ya kusanci kwanon tuwo ba.

Wasu Turawa biyu da muke ɗakin karatu ɗaya a nan birnin Leeds su suka ja mini. Kullum lokacin shan shayi musu ɗaya suke yi. Shi namijin ɗan farautar taska ne, abin da masu yi suke kira jiyokashin: wani ya ɓoye ɗan akwati a wani lungu, ya sa lambobin wurin a intanet, kai kuma ka bi GPS ɗin wayarka ka nemo, ka sa hannu a 'yar takardar da ke ciki, ka mayar yadda ka tarar. Tarihin abin a kansa yake kamar hadda. A da sojan Amurka da gangan suke dagula wa farar hula saƙon taurarinsu na ɗan Adam da GPS ke aiki da su, har na'ura ta ɓatar da mutum da kusan mita 100. Ranar 2 ga Mayun 2000 aka daina, bisa umarnin Shugaba Clinton. Washegari wani mai suna Dave Ulmer ya ajiye baƙin bokiti a dajin jihar Oregon, da littattafai da danƙon harbin tsuntsu da gwangwanin wake a ciki, ya ce wa duniya ta zo ta nema. In ya kai kan waken sai muryarsa ta yi rawa. Yanzu, in ji shi, irin waɗannan taskoki sun haura miliyan 3.

Ita macen kuwa cewa take yi tonon bola ne kawai aka sa wa suna. Ita wurare take tarawa. Ta je, ta ɗauki hoto, ta rubuta lambobin wurin, ta shigar a kundi. Tana bin ginshiƙan siminti da masu awon ƙasa suka fara kafawa a kan tuddan Birtaniya tun 1936, tana kuma bin jajayen akwatunan wasiƙa masu tambarin Sarki Edward na Takwas, wanda bai cika shekara a kan gado ba. Shi ya ce yawon da ba a sa hannu a takarda ba yawon banza ne. Ita ta ce mutumin da zai tsaya gaban cocin da ya shekara ɗari biyar yana leƙen ƙasan kwandon shara ya cancanci addu'a. Ni da ba a tambaye ni ba, na ce zan gwada na raba musu gardama.

Jiya Juma'a, bayan an sauko daga masallaci, ina sanye da farar shadda da zanna bukar, na buɗe manhajar wasan a wayata. Ta ce akwai taska a filin Woodhouse Moor, mita 300 daga inda nake. Wahalarta tauraro ɗaya da rabi cikin biyar. Akwai maɓallin satar amsa, na ƙi taɓawa. Mutumin da ya taɓa gano akuyar gidansu a kasuwar Wudil ba ya buƙatar satar amsa.

Ina shiga ƙarƙashin bishiyoyi kibiyar ta haukace. Mita 4. Na taka gaba, mita 9. Na dawo, mita 2, ta nuna bayana. Taurarin nan suna can sama da kilomita dubu ashirin, waya kuma tana buƙatar ta ji aƙalla huɗu daga cikinsu kafin ta san inda take. Ganye da rassa suna tare saƙon, sai ta koma cinta. Masu wasan suna da suna ga wannan kai-komo, wai rawar ƙudan zuman da ya bugu. Na yi rawar nan minti goma cur, sannan na hango wata tsohuwar bishiya da kogo a gindinta, daidai gwiwa. Bakin kogon siriri, cikin da faɗi. Na ce abin nema ya samu.

Na naɗe hannun riga, na durƙusa, na zura. Yatsuna suka taɓo wani abu mai santsin leda. Na ƙara turawa har gwiwar hannu, na damƙo shi. Na ja. Hannu ya ce bai san zancen ba. Na karkata, na sake ja. Ya shiga a miƙe, yanzu ga shi a dunƙule da kaya, bakin kogon kuwa bai ƙara faɗi ba.

Ga yadda nake a lokacin, don mai karatu ya samu hoton sosai: gwiwa ɗaya a cikin taɓo, kumatuna manne da ɓawon bishiya kamar mai sauraron gulmarta, hula ta zamo ta rufe ido ɗaya, waya a hannun hagu tana ta taya ni murna wai saura mita 1. Sai kuma na tuna labarin Wetherby, wani ɗan gari da ke nan kusa. A 2011 aka ga wani yana ɓoye ɗan akwatin roba a kan babban titin garin, aka rufe titin, masu kwance bam suka zo suka tarwatsa akwatin, ashe taskar wasa ce. Ni kuwa ga gemu, ga doguwar riga, ga hannu a rami, ga waya tana ƙirga mita. Ana sanyi, amma gumi ya karyo mini.

"Salamu alaikum, samari."

Da Hausa. Hausar Kano tsantsa, a garin da za ka yi wata ba ka ji ta a titi ba. Na juyo da idon da ya rage. Wani dattijo ne zaune a kan benci, taku biyar daga bishiyar, da babbar riga a ƙarƙashin jibgegiyar rigar sanyi, da sanda, da carbi. Daga yadda ya gyara zama na gane tun farkon rawar yake kallo.

"Wa alaikumus salam, Baba. Ina wuni?"

"Lafiya lau. Ya aiki?"

Na ce da godiya. Me zan ce?

"Binnewa kake yi ko tonowa?"

"Baba, ba abin da kake zato ba ne. Wasa ne. Turawa ne suke ɓoye..."

"Su ma suna yi? Ikon Allah. To ka yi bisimilla kafin ka sa hannun?"

Na yi shiru.

"Ka ji matsalar. Rami ai gidan wasu ne. Kai in an zura maka hannu ta taga ba sallama, saki za ka yi?"

Na yi bisimillar a makare, na ja. Ba labari. Alhaji (ya gaya mini daga baya gwiwa ya zo a duba masa, yana gidan 'yarsa) ya ajiye carbi, ya jingine sanda, ya fuskanci aikin da dukkan zuciyarsa, amma ko motsi bai yi daga kan bencin ba.

"Kuɓewa ce maganinsa. A jiƙa busasshiya, a tsiyaya yauƙin a bakin ramin, sai ka ga ya sulɓo kamar tarwaɗa."

"Baba, ina zan samu kuɓewa a nan?"

"Akwai a kasuwar Kirkgate, na gani da idona. Tsada dai."

"Da nisa, Baba."

"To ai ba ni zan je ba."

Ya ce in ɗaga hannun hagu sama, jinin zai gangaro ya bar na dama. Na ɗaga. Yanzu na zama mai durƙuso da hannu ɗaya a bishiya, ɗaya a sama riƙe da waya, kamar ɗan firamaren da ya san amsa. Wasu ɗalibai biyu suka rage tafiya. Abokina ya gargaɗe ni cewa babbar dokar wasan ita ce kada waɗanda ba sa yi su gane abin da kake ciki; suna kiran su magul, sunan da suka aro daga littattafan Harry Potter. Na ƙirga magul shida, har da mai keke da ya sauka don ya kalla a natse.

"An yi haka a unguwarmu," in ji Alhaji, "shekarar da motoci suka koma hannun dama."

"1972 ke nan, Baba."

"Ka san tarihi. Wani yaro ya sa hannu a tulun kakarsa. Aka yi man gyaɗa, aka yi sabulun salo, aka kira wanzami."

"Yaya aka ƙare?"

"Fasa tulun aka yi." Ya ɗaga kai ya ƙare wa bishiyar kallo tun daga saiwa har ƙololuwa. "Wannan kam sai an nemi izinin hukuma."

Na yi masa bayanin taurarin, ko zai daina zancen asiri. Ya saurara da kyau, ya gyaɗa kai, ya ce tunda na sojan Amurka ne, kuma su suka turo ni, in buga musu waya su sake ni. Wata tsohuwar Baturiya mai jan kare ta matso ta tambaya ko a kira 'yan kwana-kwana. Kafin in buɗe baki Alhaji ya naɗa kansa tafinta, ya shaida mata da Turancinsa na kasuwar Kwari cewa magani nake nema. Ta ce Allah ya ba ni lafiya, ta ƙi tafiya.

Can a raina na san mafitar: in saki abin da na riƙe, in miƙe yatsu, in zare hannuna in tafi gida. Har na fara sassautawa. Na yi kuskuren faɗa da ƙarfi.

"Kul!" Alhaji ya buga sanda a ƙasa. "Kada ka saki! Irin wannan in ka taɓa ka saki, kanka yake komawa. Riƙe shi gam. Matse shi ma, ya san ya haɗu da namiji. Matse, ka ja da ƙarfi!"

Dattijo ne, furfura har gira. An hore mu da jin maganar manya. Na matse.

Nan ne nake ta komawa tun daren jiya. Akwai ɗan lokaci, bai fi ƙiftawa da bisimilla ba, da tafin hannuna ya riga ƙwaƙwalwata sanin gaskiya. Akwatin roba ba ya lotsawa. Wannan ya lotsa. Akwatin roba ba shi da ƙulli a wuya. Wannan yana da shi, na ji shi a ƙarƙashin babban yatsa, na ma taɓa shi tun da farko na ce wa kaina igiyar murfi ce. Sai wata 'yar ƙara, fus, can cikin bishiya, wadda ni kaɗai na ji. Sai wani sanyi mai laushi ya ratso tsakanin yatsuna ɗaya bayan ɗaya, ya gangaro wuyan hannu, ya shige ƙarƙashin agogo. A ƙasar nan doka ta tilasta wa mai kare ya kwashe abin da karensa ya ajiye. Yawancinsu suna ƙullewa a baƙar leda su kai kwandon shara. Wasu kuma, Allah ya shirye su, suna ƙullewa da kyau su nemi kogon bishiya.

Hannun ya fito salin-alin, ba ko gardama. Da ƙarfin jan da na yi na faɗi zaune a taɓo, kuma saboda ɗan Adam bai iya faɗuwa ba tare da ya dafa wani abu ba, na dafa gaban farar shaddata. Yatsu biyar, ras, kamar tambari. Magul suka ja da baya gaba ɗaya. Karen tsohuwar ne kaɗai ya matso, yana kaɗa wutsiya kamar ya ga wasiƙa daga gida.

"Alhamdu lillahi!" in ji Alhaji. "Me na ce maka? Yauƙi yake so. Da kuɓewar aka samu da ba a kai ga haka ba."

Ina zaune ina riƙe da hannuna nesa da jikina kamar na aro shi, sai ga wata yarinya da ba ta wuce shekara takwas ba, ita da uwarta, da waya a hannu. Ba ta yi rawar ƙudan zuma ba, ko kallon bishiyar ba ta yi ba. Ta nufi benci, ta roƙi Alhaji ya ɗan gusa da ƙafarsa, ta sa yatsa biyu a ƙarƙashin ƙarfen, ta ciro wani ɗan baƙin abu mai maganaɗisu, girmansa bai fi ƙwayar gyaɗa ba. Ta murɗe, ta zaro 'yar siririyar takarda, ta sa hannu. Ta gane ni ɗan wasa ne, ta miƙo mini takardar da biro cikin ladabi, ta ga hannun, ta janye abinta. Da babban yatsan hagu na danna satar amsar da na raina. Kalma uku ce: zauna ka huta.

Alhaji ya leƙa ƙarƙashin bencin, ya dubi ƙwayar gyaɗar, ya dube ni.

"A kan wannan? Kai ɗan gidan waye a Kano?"

Da na san abin da zai biyo baya da na ce daga Nijar nake. Na faɗa masa. Ya tambayi gidan da na yi aure, na faɗa masa. Fuskarsa ta washe. Ashe shi da surukina layi ɗaya suka yi a kasuwa shekara talatin. Ya laluba aljihun rigar sanyi ya ciro waya, ya danna, ya kai ta bakinsa.

"Alhaji, salamu alaikum. Ka san wa na gani a Ingila?" Ya ɗan rufe wayar da tafin hannu, ya juyo gare ni. "Samari, ɗaga hannun in ɗauka, ba zai yarda ba sai ya gani."