Jinjina ga Gwanayen Sanarwa

A wannan zamani duk kamfanin da ya san ciwon kansa ya ɗauko mai magana da yawunsa ya zaunar da shi kusa da shugaba, domin an gane cewa yadda aka faɗi abu kan fi abin kansa tsada a kasuwa. Masu koyar da wannan fanni suna ta zarya Landan da New York neman abin misali, alhali malaman sana'ar suna nan Afirka, a fadojin gwamnatocinmu da hedikwatar Tarayyar Afirka da ke Addis Ababa. Mutanen da suka iya tallata wa duniya kasuwar mutum biliyan 1.3, kasuwar da ɗan nahiyar ba ya shiga mafi yawan rumfunanta sai da biza, sun cancanci a miƙe tsaye a gaishe su. Ranku ya daɗe, sannunku da aiki.

Ku tuna Kigali, watan Yulin 2016. A gaban kyamarori aka miƙa wa Idriss Déby na Chadi da Paul Kagame na Ruwanda fasfon Afirka, aka ce da shi ɗan nahiyar zai ratsa ta daga Alƙahira zuwa Cape Town ba mai tare shi. Hoton ya zaga duniya. Hikimar da ta fi burge ni ita ce yadda aka kiyaye martabar wannan fasfo, aka bar shi a aljihun shugabanni da manyan jami'ai, aka tsare shi daga ƙurar Kantin Kwari da gumin 'yan tireda. Ku zaga Dawanau ku tambayi dillalan riɗi da zoɓo ko akwai wanda ya taɓa riƙe shi. Abu mai daraja ai ba a bari ya faɗa hannun masu buƙatarsa.

A watan Maris na 2018, a Kigalin dai, ƙasashe 44 suka sa hannu kan yarjejeniyar ciniki maras shinge ta Afirka, AfCFTA. An buɗe mata sakatariya a Accra, an ce ciniki ya fara ranar 1 ga Janairun 2021, kuma sannu a hankali za a cire haraji daga kashi 90 cikin 100 na kayayyaki. A nan ne basirarku ta kai ƙololuwa: kun 'yanta kaya, kun riƙe mai kaya. Buhun citta zai tashi daga Kachia da ƙafarsa ya isa Luanda, ya nemi masauki, ya yi sallama da mai saye, su yi ciniki, ya karɓi kuɗi ya dawo. Fataken da suka yi ƙarnuka suna kai kanwa da tufafi Gwanja su dawo da goro sun ɗauka ciniki sai da ganin ido, sai an zauna an san juna kafin a ba da bashi ko a karɓi amana. Ashe duk rashin wayewa ne.

Shi kuwa mai kayan, kun samar masa abin yi don kada zaman jira ya gundure shi. Zai nemo takardar gayyata daga mutumin da bai taɓa gani ba, ya haɗa bayanan asusun banki na watanni, ya kama ɗakin otal, ya tanadi tikitin jirgi, ya hau mota zuwa Abuja ko Legas inda ofishin jakadancin yake, ya biya kuɗin da ba a mayarwa ko an hana shi. Kafin fasfonsa ya dawo an tashi baje kolin da yake son zuwa. Ba ku taɓa cewa kun hana shi tafiya ba, kuma wannan gaskiya ce.

Najeriya ta cancanci yabo na musamman. Ranar 7 ga Yulin 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu kan AfCFTA a Yamai, aka yi ta tafi. A watan Agusta aka rufe iyakokin ƙasa, aka ce atisayen tsaro ne, atisayen bai ƙare ba sai Disambar 2020. Motoci suka yi layi a Jibiya da Illela da Seme, kayan gwari suka ruɓe, jarin masu ƙaramin ƙarfi ya narke tsakanin Maraɗi da Katsina. Kowace irin gwamnati za ta iya rufe iyaka. Amma a sa hannu kan buɗe kasuwa, a rufe ƙofarta cikin mako shida, kuma sanarwar biyu su fita ba tare da fuskar kowa ta canja ba, wannan sai gwani.

Sai dai kambun na Kenya ne. A Disambar 2023 Shugaba William Ruto ya shelanta cewa daga Janairun 2024 babu sauran biza ga kowa a duniya. Jaridu suka ɗauka. Da watan ya kama, sai ga wata takardar izini ta intanet, eTA, wadda matafiyi zai nema kwanaki kafin tafiya, ya biya wajen dala 30, ya jira amincewa. Har 'yan ƙasashen da a da suke shiga kyauta suka koma biya. An soke biza, an ƙara yawan masu neman izini, an kuma karɓi yabon duniya a kan haka. Da aka sassauta wa yawancin 'yan Afirka a 2025, wata sabuwar sanarwar farin ciki aka samu. Matsala guda, yabo sau biyu.

Kuma kada a ce ba ku da adalci. A watan Mayun 2024, a taron shugabannin kamfanonin Afirka a Kigali, Alhaji Aliko Dangote ya ce yana buƙatar biza 35 don ya zaga nahiyar, ya kuma nuna cewa Patrick Pouyanné, shugaban TotalEnergies, da fasfonsa na Faransa ya fi shi sakewa a Afirka. Mutumin da ya kafa masana'antun siminti daga Senegal zuwa Habasha da Zambiya yana bin layi ɗaya da mai sayar da atamfa. Wace nahiya ce ta taɓa daidaita attajiri da talaka haka? Baƙo kuma an karrama shi fiye da ɗan gida, kamar yadda tarbiyya ta koyar. Kamfanonin da ke ɗaukar nauyin irin waɗannan taruka su ma sun koyi darasi: jami'an sadarwarsu na fitar da kyawawan jawabai kan haɗin kan Afirka, suna kaffa-kaffa kada su ambaci sunan ƙasar da ta hana injiniyansu shiga.

Sakamakon aikinku a bayyane yake. Cinikin ƙasashen Afirka da junansu yana wajen kashi 15 cikin 100 na kasuwancin nahiyar, na Turai kuwa ya haura 60. Akwai dai masu ɓata muku sana'a, irin su Gambiya da Ruwanda, waɗanda kawai suka buɗe ƙofa ga kowane ɗan Afirka, kuma har yau sama ba ta faɗo musu ba.

A Janairun 2018 kun amince da yarjejeniyar walwalar jama'a, wadda ita ce za ta bar ɗan kasuwa ya bi kayansa. Ƙasashe sama da 30 sun sa hannu a gaban kyamara. Ana buƙatar 15 su tabbatar da ita kafin ta fara aiki. Shekara shida bayan haka, 4 ne suka yi: Ruwanda, Nijar, Mali da Sao Tome. Najeriya ba ta cikinsu.