Ƙarfe Na Gudu, Baki Ya Fi Shi Gudu

A shekarar 2005 kamfanin zane na Production I.G da ke Japan ya haɗa hannu da tashar Cartoon Network ta Amurka, suka fitar da wani katun mai kashi 26 da suka kira IGPX. Wai a 2049 labarin yake faruwa, lokacin da babu wasan da ya kai tseren butum-butumi farin jini a duniya. Ƙatti ne na ƙarfe, kowanne da matuƙi zaune a cikinsa. Ƙungiya biyu ke karawa, uku-uku, a fili mai tsawon kusan kilomita 100 da ake zagayawa sau uku, da gudun da ya haura kilomita 500 a awa. Zagayen farko na neman wuri ne, na biyu dambe ne tsagwaronsa ana cikin gudu, a na uku kowa ya sake wa injinsa linzami. In ka lissafa, tafiyar Birnin Kudu zuwa Kano ce da dawowa, har da ragowa, cikin kusan rabin awa.

Katun ɗin bai yi tashen Naruto ko Dragon Ball ba, amma abin da ya shiga memori ba ya mutuwa. Masu tura fim a shagunan caji ba sa son ganin wuri ya yi saura a waya, sai su cike gurbin da duk abin da hannunsu ya kai. Haka yaro zai wayi gari da tseren ƙarafa a tsakanin fassarar Indiya da karatun tafsiri. To, bari ya kunna a teburin mai shayi a Birnin Kudu ko a bakin tasha a Gwaram. Kafin zagayen farko ya ƙare an yi masa rumfa da kawuna, kuma cikin duk kawunan nan da wuya ka sami mai kallon abin da aka zana. Kowa sana'arsa yake gani, ko damuwarsa.

Bakanike ne kan fara isowa, yana goge baƙin mai a jikin wandonsa. Shi da kunne yake kallo. Zai karkata kai, ya lumshe ido ɗaya, ya ce, "Wancan na bayan, ringinsa ya tafi. Ba ku ji ƙarar ba?" Babu wanda ya ji, amma babu mai musu da shi, domin kowa da baburinsa a hannunsa. A wurinsa jarumin fim ɗin ba Takeshi ba ne, yaron da ke tuƙin gaba a ƙungiyar Satomi. Jarumi shi ne Mark, makanikin ƙungiyar, wanda ke kwana a gareji yana ɗinke abin da yara suka farfasa, gari ya waye a tafa wa yaran. Duk lokacin da aka nuno Mark sai ya gyaɗa kai cikin tausayi, ya ce, "Haka muke fama." Abu ɗaya ne ya kasa shiga kansa: ana gyara butum-butumi a kan hanya tsere na ci gaba, ba a ce maigida ya kawo kuɗin kaya ba, ba a aiki yaro Ƙofar Ruwa ba, ba a ce a dawo jibi ba. Nan yake yanke hukunci cewa fim ɗin ƙarya ne. Gudun kilomita 500 bai dame shi ba.

A gefensa akwai ɗan gwangwan, wanda bai taɓa sanin wace ƙungiya ce ke gaba ba. Idan aka fizge hannun wani butum-butumi ya faɗi gefen hanya, kowa ya yi salati, shi kuwa leɓɓansa ne ke motsi. Kilo yake lissafawa.

Sai ɗan acaɓa, wanda ya raina matuƙan tun kafin a tashi. Hanya shimfiɗaɗɗiya, ba rami, ba garken shanu da zai ratsa, ba yaro da zai biyo kaza da gudu, wannan har tuƙi ne? "Oga, a ɗora masa buhun riɗi biyu da tsohuwa da akuyarta daga kasuwar Sara, ya kai su Farin Dutse da damina, sannan mu yi magana." Yana faɗa yana karkata jiki duk lokacin da aka sha kwana, har ya kusa ture kofin na kusa da shi. Ya rantse da za a ba shi ƙarfe ɗaya ya gwada, da Jafanawa sun san Jigawa ta haifi 'ya'ya. Wannan mutumin ko hular kwano bai mallaka ba.

Akwai wanda tun ranar 29 ga Mayun 2023, da aka ce tallafin mai ya tafi, bai ƙara kallon wani abu mai motsi da kwanciyar hankali ba. Tambayarsa ɗaya ce, kuma zai maimaita ta a kowane kashi: lita nawa yake sha?

Ɗan ƙwallo ya fi kowa saurin gane kan zancen, domin an gina wasan a kan tsarin da ya sani: akwai na gaba, akwai na tsakiya, akwai mai tsaron baya. Da ya ji cewa Satomi daga ƙaramin rukuni ta hauro zuwa babban rukuni na IG-1, shi kenan ya sami gida. "Jigawa Golden Stars ce wannan. Allah dai ya sa su daɗe a sama." Velshtein, masu riƙe da kofi, ya mai da su Real Madrid, ya fara ƙin su tun bai ga fuskarsu ba. Kafin kashi na uku ya nemi a kori koci Andrei, wai mutum ne mai jiki da zama wuri ɗaya, ba ya tashi tsaye ya yi wa yara tsawa. Ya kuma gano cewa an sayi alƙali, ko da yake har yanzu ba a nuno alƙalin ba. Idan ƙungiyarsa ta ci, "mun ci" zai ce. Idan aka cinye ta, "yaran nan ba su da kishi."

Ƙasar Birnin Kudu da ta ba Jigawa gwamnoni biyu, Ali Sa'ad Birnin Kudu a 1992 da Sule Lamido na Bamaina daga 2007 zuwa 2015, ba a koya wa mutanenta siyasa. Saboda haka ɗan siyasa ba ya rasa kujera a majalisar. Ba ruwansa da wanda ya riga wani isa layi. So yake ya ji waye uban gidan ƙungiyar, wa ke zuba kuɗi, me ya sa aka bar wa yarinya Michiru ragamar abin da kakanta ya kafa, babu kawu ko ɗaya a gidan ne? Ranar da ya ga River, matuƙin da aka daɗe ana ajiye shi a benci, ya tattara nasa ya nasa ya koma ƙungiyar Sledge Mamma, sai ya tafa hannu ya miƙe tsaye. "Ya sauya sheƙa! Ai na faɗa muku. An hana shi takara." Daga nan zancen ya bar Japan, ya sauka a zaɓen ƙananan hukumomi, bai sake komawa ba har aka tashi.

Wanda nake jin daɗin zuwansa shi ne tsohon malamin makaranta, mai tabarau a goshi da rediyo a aljihu. Ba ya zama, tsayawa yake daga baya, hannu a goye. Zai bari a yi minti biyar sannan ya yi gyaran murya: "Yara, ba ku ga komai ba. Ina Voltron?" Sai labari ya ɓalle. Zakuna biyar na ƙarfe da ke haɗuwa su zama ƙato ɗaya mai takobi, a tashar NTA da yamma, a talabijin marar kala da ake kunnawa da batirin mota, yara sun cika tsakar gidan mai unguwa. Kuma gaskiyarsa, ya san abin da yake faɗa. Zai gaya maka Amurkawa ne suka fitar da Voltron a 1984, daga wani katun na Japan mai suna GoLion na 1981. Zai ce kakan su duka Tetsujin ne, wanda ya hau talabijin a 1963, yaro na sarrafa shi daga nesa. Mazinger Z na 1972 ne ya sa matuƙi a cikin ƙarfen, Gundam na 1979 kuma ya mai da abin labarin yaƙi da siyasa. Ƙorafinsa a kan na yanzu shi ne rashin manufa. Na da duniya suke ceto, waɗannan kofi suke nema. Duk yadda hirar ta juya, sai ya ratso da cewa ya yi Kwalejin Gwamnati ta Birnin Kudu, makarantar da Ɗangote ya yi. In ka lissafa shekarunsu ba za su haɗu ba, amma ladabi ya hana a lissafa.

Ɗan kishin gari ba ya yarda a yabi baƙo a gabansa. Da an ce Jafanawa sun iya zane, sai ya nuna wajen duwatsu da haɓa. Kakanninmu sun zana shanu a Dutsen Habude da Dutsen Mesa tun ba a san takarda ba a nan, masana suka zo a shekarun 1950 suka yi ta ɗaukar hoto, har da duwatsun da ake bugawa su yi amo. To wa ya riga wani? Zanen na nan, wannan ba ƙarya ya yi ba. Inda ya zarce shi ne da ya ce daga nan aka kwashi fasahar aka kai Tokiyo. In ka tambaye shi yaushe rabonsa da hawa dutsen, sai ya tuna ana jiransa a gida.

Shi kuwa Malam wucewa ya zo yi. Ya tsaya ne kawai don ya yi wa yara nasiha a kan ɓata lokaci. Aka matsa masa a benci, "Allah gafarta Malam, ga wuri," ya ce a'a, ba zama zai yi ba. Yana cikin nasihar idonsa ya faɗa kan Amy, mai tsakiyar Satomi, da kyanwarta Luca a cikin ɗakin tuƙi, kyanwar na magana da ita suna shawarar yadda za a ɓullo wa abokan hamayya. Malam ya yi shiru. Ya ce a mayar baya. Aka bayyana masa cewa na'ura ce aka haɗa tsakanin ƙwaƙwalwar yarinyar da ta dabbar. Ya girgiza kai, ya ce ko ma mene ne, wannan dai ba kyanwar Lami ba ce, a riƙa neman tsari. Da aka kira la'asar shi ya kora kowa masallaci, kuma shi ya ce wa mai wayar ya tsayar da fim ɗin daidai nan, kar a ci gaba sai an idar.

Kowace majalisa tana da tafintanta. Yaro ne ɗan sakandare da ya ɗauki salon masu fassarar Algaita, ya haɗa da Turancin da bai wuce na jarrabawa ba. Ya raɗa wa Takeshi Tasi'u, Liz mai tsaron baya ta koma Lantana Mafaɗaciya. Inda ya ji, ya faɗa. Inda bai ji ba, ya ƙirƙira, murya ko rawa ba ta yi. A bakinsa aka ji cewa rigimar Satomi da Velshtein ta samo asali ne daga gonar gado. Ni dai a ganina labarinsa ya fi na masu fim ɗin armashi, kuma da za a ɗauke shi aiki da an ci riba.

In wayar ta shiga cikin gida, kallon ya sake salo. Ƙanwar mai wayar ta haƙura da ƙarar ƙarafa ne saboda ta hango Takeshi na satar kallon Fantine, jagorar ƙungiyar Skylark ta mata zalla. Tana ta jiran a fita lambu a yi waƙa, ba a yi ba, ta ce wannan soyayya ce ko jarrabawa? Gwaggo kuwa tana tsince shinkafa tana leƙe. "Kai Auwalu, 'ya'yan waye waɗannan? Iyayensu sun san suna wannan ganganci?" An ce mata zane ne. Ta ce zane ko ba zane ba, ita ba ta ga inda suka zauna suka ci abinci ba tun ɗazu.

Tambayar da ta fi kowace nauyi daga bakin manomi take fitowa. Ya shigo gari sayen taki, ya tsaya shan shayi, ya kalli ƙaton ƙarfe mai hannu da ƙafa da ƙarfin da ya fi na shanun huɗa dubu. Ya kurɓa, ya ajiye kofi, ya ce, "Yana huɗa?" Aka yi dariya. Ya jira dariyar ta lafa. "To yana ban ruwa? Yana casa?" Aka ce tsere kawai yake yi. Ya ce, "Ina za shi?" Aka ce zagayawa yake ya dawo inda ya tashi. Bawan Allah bai ƙara cewa uffan ba, ya biya kuɗin shayinsa ya kama hanyar Basirka. Da ya san Jafanawa sun ƙera na gaske mai tsayin mita 18 a Yokohama, wanda ke ɗaga hannu yana durƙusawa, mutane na biyan kuɗi su kalla har aka rufe wurin a Maris na 2024 bai taɓa ja da garma ba, da ranar bai ci tuwo ba. Har yau ban ji wanda ya ba shi amsa ba, kuma ban ga laifin tambayarsa ba.

Mai wayar kansa sarki ne na ɗan lokaci. Manya na ce masa "matso nan ɗana," ana saya masa shayi da kauri, ana kare masa rana da hula. Sarautar na ƙarewa da ƙarewar caji. Da allon ya yi baƙi kowa ya tuna cewa yaron nan ko gaisuwa bai iya ba.

Duk waɗannan ana iya zama da su. Wanda ba a iya zama da shi shi ne wanda ya riga ya gani. Ba ya ɗaga murya. Zai zo ya raɓa a ƙarshen benci, ya bari sai tsere ya ɗau zafi, numfashi ya tsaya, ɗan acaɓa ya karkace, Malam ya manta da carbinsa, sannan ya ce a hankali, "Ai kar ku damu, Satomi ce za ta ɗauki kofin. Kuma kocin nan da kuke zagi, shi ne Rocket G, tsohon zakaran da Takeshi ke ta yabo." In aka yi masa ca, sai ya buɗe hannu ya ce shi me ya yi, taimako ya yi. Irin wannan ba a zaginsa, ba a dukansa, domin gobe ma zai dawo. Hukuncinsa shi ne ya biya kuɗin cajin wayar, ya biya shayin duk wanda ke kan benci, kuma in an kunna kashi na gaba a aike shi Babaldu sayen ƙanƙara.