Gidan da Zai Riƙa Jin Magana

Tun ginin yana matakin linta na yanke shawara: gidana ba zai zama irin na kowa a unguwar ba. Gida nake so mai jin magana. In ce fitila ta kama, ta kama. Fanka ta gane zafi da kanta. Injin rijiyar burtsatse ya tsaya da zarar tanki ya cika, ba sai ruwa ya malala ƙofar maƙwabci ya aiko yaro da ƙorafi ba. Na sayi ƙatuwar takarda na zana ɗakunan, na cika su da alamomi ja da shuɗi. Uwargida ta leƙo ta ce, "Abban yara, yaƙi za a yi ne?"

Wannan aiki kafin filasta ake yin sa, in ba haka ba sai an fasa bango. Makunnin zamani wata 'yar kwamfuta ce, dole ta riƙa shan wuta ko da fitila a kashe take, don kada umarni ya zo ya tarar da ita tana barci. Shi ya sa yawancinsu ke buƙatar wayar nutural a cikin akwatin makunni, alhali a wayarin da aka saba laif kaɗai ke sauka can, nutural ta zarce wajen ƙwan fitila. Na zaunar da mai wayarin na yi masa wannan karatu tiryan-tiryan.

Ya gyara hula ya ce, "Alhaji, shekara da shekaru ina aikin nan, ban taɓa kai nutural makunni ba. Me za ta je yi?"

Na ce, "Ciyar da makunnin za ta yi."

"Au, ci yake yi?"

Kafin la'asar labari ya kai kunnen birkila da leburorinsa. Daga ranar, in na iso sai in ji ana raɗa: ga mai gidan aljanu nan.

Ban kula su ba, domin akwai babbar matsala a gabana: da wane yare na'urorin za su yi magana da juna? Masu araha Wi-Fi suke hawa, akasari a kan zangon 2.4 GHz, kuma in suka yi yawa rauta takan jigata, ga bangon bulo yana tare sigina. Zigbee ya fi dabara: kusan duk na'urar da ke jone da wuta tana miƙa saƙo ga maƙwabciyarta har ya isa, sai dai yana buƙatar akwatinsa na tsakiya. Ga kuma Matter, wanda ya fito a 2022 bayan su Apple da Google da Amazon da Samsung sun amince kayansu su riƙa fahimtar juna. Na kuma tsara jan wayar Cat6 zuwa kowane ɗaki, tunda tana kai mita 100 ba gajiya. Duk wannan na zayyana wa uwargida cikin alfahari, tana tsinkar zogale.

"In an ɗauke wuta fa?"

Na ƙara inbata da batir da faifan sola a lissafi.

"In data ya ƙare fa?"

Nan ta taɓo inda ke ciwo. Da yawa cikin na'urorin nan, in ka latsa waya, sai saƙon ya je wata kwamfuta a ƙasar waje ya dawo kafin fitilar banɗakinka ta kama. Maganinsa shi ne a ajiye kwamfutar a gida, irin Raspberry Pi mai ɗauke da Home Assistant, komai ya gudana ba intanet. Na ƙara wannan ma. Kuɗin tayil ɗin kicin ne ya tafi, kuma har yau maganar ba ta mutu ba.

Don in rufe bakin masu shakka, na sayi kaɗan daga kayan na gwada a gidan hayar da muke ciki. Na'urar sauraron murya, mai kama da gwangwanin madara, na ɗora ta a falo. Hajiya, mahaifiyata, ta zo mana kwana biyu, na ce mata abin nan yana ji yana amsawa. Ta yi masa sallama. Shiru. Ta sake. Shiru, domin ba ya jin Hausa. Ta ce, "Wannan ba shi da tarbiyya." Da ta ji kuma kullum kunnensa a buɗe yake, sai ta kifa masa kwano.

Fitilar banɗaki na haɗa ta da na'urar gane motsi, wadda ke kashe wuta in ta ji shiru. Kawu, mutum ne mai natsuwa, ya shiga da daddare. Can muka ji salati, sannan ƙarar buta tana bugun bango: kaɗa ta yake yi a sama don wuta ta dawo. Da ya fito bai ce uffan ba, sai washegari ya tambayi Hajiya ko ana yi mini addu'a.

Makullin ƙofa mai karanta yatsa shi ya kammala shari'ar. Jiƙaƙƙen yatsa ba ya karantuwa da kyau, Hajiya kuwa ta fita tsakar gida ta yi alwala, ƙofa ta rufe kanta. Ta dangwala, ta goge a zane, ta dangwala, ƙofa ta ƙi. Da na buɗe mata ta dube ni ta ce, "Kai, ni da na haife ka, ƙofarka ce za ta ce ba ta san ni ba?"

Aka yi zaman iyali a kan taswirata. Hukunci: kowace ƙofa da ɗan makulli na ƙarfe, kowace fitila da makunnin da hannu zai taɓa, banɗaki kuma a bar shi yadda aka gada. Abu ɗaya ya samu amincewar kowa, wato tsayar da injin ruwa. Shi ma mai wayarin ya ce ba sai da intanet ba, akwai ɗan makunni mai yawo a kan ruwan tanki, a kasuwa ake sayar da shi da arha. Nutural dai na tsaya kai da fata sai da ya ja ta ko'ina, ya kuma caje ni kuɗin waya yana murmushi.

Na'urar muryar ce ta ba ni mamaki. Turancina da na yi digiri da shi ba ta ganewa sai na maimaita, amma autanmu, wanda ya koyi nasa a katun, yana buɗe baki take biyayya. Yanzu shi ke riƙe da falo. Jiya sai da na ba shi alawa kafin ya sa aka kunna mini fanka.